Baƙi Babu Mai Masauki: Nazarin Jigo da Taurari a Littafin Sent i November na Tove Jansson

1.0 Gabatarwa

Galibin abin da manazartanmu suka rubuta a kan adabin yara ya ta'allaƙa ne ga tatsuniyoyi da waƙoƙin dandali da littattafan karatu na firamare. Sai dai tun ƙarshen shekarun 1930, lokacin da Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Gabas da Turai ya yi musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, aka san cewa duba abin da wasu al'ummu suka rubuta wa 'ya'yansu yana da amfani ga mai son rubuta wa namu. Bisa wannan dalili ne wannan maƙala za ta yi nazarin wani littafin yara na ƙasar Finlan mai suna Sent i november, wanda Tove Jansson ta wallafa a 1970, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 1971 da sunan Moominvalley in November.

Labarin ya ƙunshi baƙi shida masu halaye mabambanta da suka taru a gida ɗaya, suka tarar masu gidan ba sa nan. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, cire mai masauki daga cikin labarin shi ne ginshiƙin da marubuciyar ta ɗora komai a kansa, kuma ta haka ne ta kai yaro mai karatu ga wata gaskiya da littattafan yara suka saba kauce mata, wato uwa ma mutum ce mai gajiya da fushi.

2.0 Marubuciyar da Jerin Littattafanta

An haifi Tove Jansson a birnin Helsinki a 1914, ta rasu a 2001. Ta fito ne daga cikin 'yan tsirarun mutanen Finlan masu magana da harshen Suwidin, waɗanda yawansu bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, kuma da wannan harshe ta yi dukkan rubuce-rubucenta. Mahaifinta, Viktor Jansson, masassaƙin mutum-mutumi ne, mahaifiyarta kuwa, Signe Hammarsten-Jansson, mai zane ce. Ita ma Tove zane ta koya, kuma ita ta zana hotunan littattafanta da hannunta. A 1966 aka ba ta lambar yabo ta Hans Christian Andersen, wadda ke cikin manyan lambobin adabin yara na duniya.

Sunanta ya fito ne ta dalilin iyalin Moomin, wasu ƙagaggun halittu farare masu kama da 'yan dorina, da ke zaune a wani dogon gida mai launin shuɗi a cikin wani kwari. Tsakanin 1945 da 1970 ta rubuta littattafai tara a kansu. A bakwai na farko gidan a buɗe yake ga kowa. Duk wanda ya zo sai uwar gida, Moominmamma, ta ƙara gado ta ƙara kwano, ba ta tambayarsa ranar tafiya. A littafi na takwas, na 1965, mai gida Moominpappa ya kwashe iyalinsa ya kai su wani tsibiri mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Littafin da muke nazari shi ne na tara kuma na ƙarshe, yana ba da labarin abin da ya faru a gidan bayan sun tafi. Iyalin da aka san jerin littattafan da su ba su bayyana ba ko a shafi ɗaya, balle su yi magana.

3.0 Zubi da Tsari

Zubin labarin kashi uku ne: taruwa, zama, watsewa. A kashin farko marubuciyar ta ɗauki taurarin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna kowanne a muhallinsa da abin da ya taso shi.

Snufkin matafiyi ne mai son kaɗaici, wanda ke barin kwarin duk ƙarshen shekara. Ya yi nisa sai ya lura cewa gaɓoɓi biyar na wani karin kiɗan ruwan sama da yake son busawa sun ɓace masa, ya juyo nemansu. Toft ƙaramin maraya ne da ke kwana a ɓoye cikin wani jirgin ruwa da aka lulluɓe da tamfol. Bai taɓa ganin iyalin ba, amma kowane dare yakan ba kansa labarinsu har barci ya ɗauke shi. Fillyjonk mace ce mai tsananin tsabta, wadda ta zame daga taga ta faɗa kan jiƙaƙƙen rufin gidanta tana cikin goge-goge, ta tsira da ƙyar, daga ranar kuwa ganin tsintsiya ma yakan tayar mata da hankali. Hemulen shi ne mai jirgin da Toft ke kwana ciki, mutum mai son tsara wa jama'a rayuwarsu, wanda bai taɓa fita da jirgin nasa kan ruwa ba. Grandpa-Grumble tsoho ne tukuf da ya wayi gari ya manta sunansa, ya raɗa wa kansa sabo, ya gudu daga dangin da suka dame shi da kulawa. Ta shida ita ce Mymble, wadda ta zo ganin ƙanwarta Little My da iyalin ke riƙo.

A kashi na biyu an haɗa su a gida ɗaya, aka bar su da juna. Hausawa na cewa zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma haka aka yi: gardama a kan wa zai yi girki, wa zai wanke kwanoni, wa zai kwana a wane ɗaki. A kashi na uku suka watse ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suka taru, har ya rage Toft shi kaɗai. Babu mugu a labarin, babu tafiya mai haɗari, babu dukiyar da ake nema. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne jiran dawowar masu gida, da kuma ganin yadda jiran ke sauya masu yinsa.

4.0 Jigo

Kalmar baƙo a Hausa tana ɗauke da ma'anoni biyu da harshen Suwidin ya raba. Wanda ya sauka a gidanka ana ce masa gäst, wanda ba ka sani ba kuwa främling. Wannan haɗuwar ma'ana ta Hausa tana taimaka mana ƙwarai wajen fahimtar jigon littafin. Kowane ɗaya daga cikin taurarin ya taso ne da niyyar zama baƙo a ma'ana ta farko, a tarbe shi, a ciyar da shi, a saurare shi. Da ya iso bai sami mai yi masa haka ba, sai ya tsinci kansa baƙo a ma'ana ta biyu, a tsakiyar mutanen da bai saba da su ba, bai kuma zo dominsu ba. Baƙunci matsayi ne da ba ya tsayawa sai da mai masauki. Tambayar da littafin ke yi ita ce, me ya rage wa baƙo idan aka janye wanda ke mai da shi baƙo?

4.1 Cike Gurbin Masu Gida

Amsar farko da taurarin suka bayar ita ce ƙoƙarin zama masu gidan. Fillyjonk ta koma ɗakin girki, ta ɗauki matsayin Moominmamma, har ta shiga nuna wa Toft kulawar uwa, wadda yaron bai karɓa ba domin ya gane ta koyo ce. Hemulen ya ɗauki gurbin Moominpappa, ya shiga gina masa ɗaki a kan bishiya, yana sa Toft cire tsofaffin ƙusoshi daga katako, ba tare da ya tambayi kansa ko mai gidan yana bukatar ɗakin ba. Snufkin, wanda ya fi kowa sanin iyalin, shi aka mayar madogara, kowa na zuwa tantinsa da damuwarsa, alhali shi gudun irin wannan nauyi ne ya mai da shi matafiyi. A nan ne ya fara gane cewa 'yancin da yake taƙama da shi iyalin ne ke ba shi, domin sun san yadda ake zama da mutum ba tare da an takura shi ba. Ya nemi wasiƙar ban kwana daga abokinsa Moomintroll a duk inda suka saba ajiye wa juna saƙo, bai samu ba.

Duk wannan kwaikwayo ya ci tura, kuma marubuciyar ta nuna faɗuwarsa a zahiri. Ɗakin kan bishiya ya rushe. Tsoho Grandpa-Grumble, wanda ya ji labarin wani kakan-kakannin iyalin da ke dogon barcin hunturu a cikin murhun ɗumama ɗaki, ya ga surarsa a madubin kabad ɗin tufafi ya ɗauka shi ne. Ya riƙa kai masa ziyara yana jin daɗin samun wanda ya fahimce shi, har ranar da ya zungure shi da sanda madubin ya tarwatse. Wannan wuri yana ba da dariya, amma a cikinsa aka taƙaita halin da dukkansu ke ciki: kowannensu abin da ke ransa yake gani idan ya tuna iyalin.

Warwarar ta zo ne bayan kowa ya koma ga halinsa. Fillyjonk ta shirya biki, ta nuna wasan inuwa mai siffanta iyalin cikin jirgi suna dawowa. Bayan an watse ta ɗauki 'yar mabusar Snufkin ta yi ta busawa cikin dare, washegari kuwa ta iya share gida kamar da, sauran suka taya ta. Hemulen ya fita teku tare da Snufkin, tsoro da amai suka kama shi, ya gano cewa tuƙin jirgi ba nasa ba ne, kuma babu wanda ya wajabta masa shi. Tsohon ya yanke shawarar yin barci har bazara. Snufkin ya sami gaɓoɓinsa biyar a lokacin da ya daina farautarsu. Babu wanda ya zama sabon mutum a cikinsu. Fillyjonk ta tafi tana nan da tsabtarta, Hemulen yana nan da iyayinsa. Abin da ya ragu shi ne ƙyamar da kowannensu ke yi wa halin nasa. A nan littafin ya saɓa wa tsarin da muka saba gani a labaran gyaran hali, inda rowa ko ƙarya kan jawo wa mai ita horo a ƙarshe.

4.2 Toft da Surar Uwa

Toft shi ne zuciyar littafin, domin shi kaɗai ya zo neman abin da bai taɓa samu ba. Moominmamma ɗin da ke cikin kansa ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta da wata bukata tata. Da Mymble ta faɗa masa cewa akwai wani duhun daji a bayan gida inda 'yan gidan kan je idan ransu ya ɓaci suna son a ƙyale su, sai ya ƙaryata ta da zafi.

Fushin da ya hana wa uwar yana nan a cikinsa shi ma, kuma marubuciyar ta ba shi jiki. Yaron ya tsinci wani tsohon littafin kimiyya mai wuyar harshe, yana karantawa yana fahimtar rabi, a ciki ya gamu da wata halitta mai suna Nummulite. Wannan suna ba ƙage ba ne. Wasu ƙananan halittun teku ne na zamanin da, masu ɓawo kamar tsabar kuɗi, ana samun burbushinsu a duwatsun da aka gina dalar Giza ta Masar da su. A tunanin Toft halittar ta rayu, tana cin wutar tsawa, tana girma, tana fitar da haƙora, daidai lokacin da shi ma ya fara yi wa manya tsawa a wurin cin abinci. Snufkin ne ya gargaɗe shi a kan barin abubuwa su yi girman da ya wuce kima. Daga bisani yaron ya lallashi halittar ta ƙanƙance, ya sallame ta.

Bayan kowa ya tafi, surar uwar ta ƙi zama a kansa, ta yi ta kumbura har ta rasa fuska. Sai ya shiga dajin nan da ya musanta. A can ya iya ganinta a sabuwar kama, mace mai gajiya da ɓacin rai, mai yawo ita kaɗai tsakanin itatuwa, ya kuma fara tunanin abin da ke damunta da abin da zai iya yi mata. Wannan shi ne ƙolin labarin. Yaron da ya zo a kula da shi ya koma mai tunanin kula da wani. Daga nan ya hau dutse ya hango fitila a kan jirgi can cikin teku, ya gangara zuwa matsayar jirgi domin ya kama musu igiya. Baƙo ke nan ya zama mai tarbar masu gida, kuma a nan aka rufe littafin, kafin jirgin ya iso.

5.0 Tarihin Marubuciya da Iyakarsa

Mahaifiyar Jansson ta rasu a 1970, shekarar da littafin ya fito, kuma sunan Toft ya yi kusa da Tove. Wannan ya sa aka saba karanta littafin a matsayin makokin 'ya ga uwarta da ban kwana da duniyar Moomin. Akwai hujja a nan, domin bayansa ba ta sake rubuta dogon labari a kan iyalin ba, ta karkata ga rubuta wa manya, kamar littafinta Sommarboken na 1972. Amma tsayawa a nan tauye littafin ne. Yaron da ke karanta shi bai san tarihin marubuciyar ba, kuma ba ya bukatar saninsa kafin ya gane halin Toft. Ban da haka, kalmar toft a harshen Suwidin tana nufin katakon da matuƙi ke zama a kai cikin kwalekwale, ma'anar da ta dace da yaron da aka fara gani a cikin jirgi, aka kuma rabu da shi a bakin ruwa. Sunan yana da aikin yi a cikin matanin kansa. Tarihin marubuci yana iya bayyana dalilin da ya sa aka rubuta littafi, amma ingancinsa sai an nemo shi a cikin zubi da taurari da harshe.

6.0 Salo da Matsalolin Fassara

Salon littafin mai sauƙi ne a fuska. Jimlolin gajeru ne, mai ba da labari yana shiga zuciyar tauraro ɗaya ya fita ya shiga ta wani, ba ya yanke wa kowa hukunci. Ban dariyar da ke ciki daga halayen taurari take fitowa, kamar nacewar tsohon nan cewa kogin da ke kwarin ƙorama ce, domin haka yake tuna shi.

Yanayi ma tamkar tauraro ne, kuma a nan mai fassara zuwa harsunanmu zai fara cin karo. Ma'anar sunan littafin na asali ita ce can ƙarshen Nuwamba. A wurin Bahaushe wannan lokaci ne na kaka, rumbu ya cika, sama ta washe, iskar hunturu ta fara kaɗawa. A kudancin Finlan kuwa lokaci ne na ruwa da hazo da ruɓaɓɓen ganye, hasken rana bai wuce wajen awa 6 da rabi ba a yini. Wanda ya fassara sunan lokacin da kalmar kaka ba tare da wata dabara ba zai sa wa mai karatu jin wadata a inda marubuciyar ke nufin ƙarewar abubuwa. Fassarar Ingilishi ta Kingsley Hart ma ta yi nata sauyin. Ta sa sunan kwarin a take, ta zubar da kalmar da ke nuna ƙurewar lokaci, wadda ita ce ke ɗauke da nauyin jigo. Haka nan sunan tsohon na asali, Onkelskruttet, an gina shi ne a kan kalmar kawu, amma a Ingilishi ya koma kaka mai gunaguni, aka fito da hali guda aka liƙa masa a suna. Darasin da ke nan shi ne, wanda zai fassara daga fassara ya san cewa tuni wani ya riga shi yanke wasu hukunce-hukunce.

7.0 Raunin Littafin

Littafin bai rasa inda za a kama shi ba. Na farko, ƙarfinsa ya dogara ga sanin waɗanda suka gabace shi. Rashin Moominmamma yana yi wa wanda ya san ta ciwo fiye da wanda bai taɓa haɗuwa da ita ba, don haka bai kamata a fara ba yaro shi ba. Na biyu, Mymble ba ta da abin da take nema ko take tsoro, tun zuwanta har tafiyarta tana jin daɗin kanta. An sa ta ne ta zama ma'auni ga sauran da kuma mai faɗin gaskiya, wanda hakan ya bar ta ba ta da zurfin da suke da shi. Na uku, sassan da Toft ke karanta littafin kimiyya suna da nauyi ga ƙaramin yaro, ko da yake an yi su haka da gangan don mai karatu ya ɗanɗani ruɗewar tauraron.

Wata suka da ake iya yi ita ce littafin ya yi wa yara duhu. Wannan kam ba mu yarda da ita ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da marayu da kishiyoyin uwa da dodanni, ba a kuma taɓa cewa sun fi ƙarfin yara ba. Abin da ba a saba ba yara ba shi ne uwa ta gari wadda kuma take fushi, domin a tatsuniya an raba aikin biyu: alheri ga uwa, mugunta ga kishiya. Jansson ta haɗa gajiya da ƙauna a mutum ɗaya, ta bar yaro ya gano haka da ƙafarsa. Yaron da ya taɓa ganin mahaifiyarsa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ya riga ya san wannan gaskiya, abin da ya rasa shi ne labarin da zai gaya masa cewa hakan bai rage komai daga ƙaunarta ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa janye mai masauki shi ne dabarar da ta haifar da zubi da jigo da halayen taurarin Sent i november. Baƙin sun fara da kwaikwayon masu gida, kwaikwayon ya rushe, kowa ya koma ga halinsa ya tafi da sauƙin rai, ƙaraminsu kuma ya sauya surar uwa daga abin bege zuwa mutum. An kuma nuna cewa karanta littafin ta fuskar tarihin marubuciya kaɗai bai wadatar ba, sannan fassara shi na bukatar lura da lokacin shekara da ma'anar sunaye. Ga masu rubuta wa yara a harsunan Nijeriya, abin dubawa a nan shi ne yadda aka gina labari mai riƙe hankali a cikin gida guda, da mutum shida da ba su dace da juna ba, ba tare da mugu ko horo ko wa'azi a ƙarshe ba. Kwatanta wannan tsari da yadda tatsuniyoyin Hausa da na Yarbanci da na Ibo ke sarrafa baƙo da maraya aiki ne da ya cancanci nazari na musamman.